Ƙanƙarar gaban gida: aikin hukuma ne ko na mai gida?

Bazazzagi_Sabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu zuwa ƙasashen sanyi. Wannan ne hunturuna na farko a Kanada. Shekaranjiya dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, jiya da yamma na dawo daga aiki na tarar da takarda maƙale a ƙofa, wai in kwashe wadda ke kan hanyar masu tafiya a ƙafa ta gaban gidan, in ba haka ba a turo a kwashe a kawo mini lissafi, ga tara a kai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne hanyar nan ba tawa ba ce, ko teburin sayar da ruwa ba ni da ikon kafawa a kanta. Titin mota kuwa tun da asuba na ji ana kankare shi. To don me za a yi wa mai mota aiki da kuɗin haraji, mai tafiya a ƙafa kuma a bar shi sai maƙwabci ya ga dama? Ga shi ni ɗan haya ne. Haka abin yake ko'ina ko garinmu ne kawai?

Kawu_Ilu:
Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa ƙanena. Kafin mu shiga surutu, ɗauki shebur ka je ka kwashe tukuna. Muddin ka bari aka tattake ta ta daskare, shebur ba zai ƙara yi maka amfani ba, sai dai ka nemo ƙarfe kana sara. Bayan nan ka ɗauko takardar hayarka ka karanta, galibi a ciki ake rubuta wanda aikin ya hau kansa, kai ko mai gidan. Kuma doka ta bambanta daga lardi zuwa lardi.

UmmuSadik_Calgary:
Mu nan Calgary haka ne. Awa 24 ake ba ka daga lokacin da ta daina zuba, kuma so ake a ga siminti, ba wai ka ɗan buɗe hanyar ƙafa ɗaya ba. Tarar farko dala 250 ce, ta biyu 500, ta uku 750 in duk cikin wata goma sha biyu ne, ban da kuɗin wanda aka turo ya kwashe. Amma suna ajiye yashi gauraye da gishiri kyauta a wasu wurare, ka je da bokitinka ka ɗiba.

Damagaram_Mtl:
Kai jama'a, ashe mu a gata muke. A Montreal ba ruwanka da hanyar gaban gida, ma'aikatar magajin gari ce ke yi, naka kawai matakalar gidanka da ƙofarka. Bari in ba ku labarin yadda ake yi, don ni har yau in na ji su sai na leƙa ta taga.

Da ta fara zuba za a watsa gishiri da ƙananan tsakuwa. In ta ƙaru sai a fito da motoci su ture ta gefe, akwai wasu 'yan ƙananan katafila masu faɗin hanyar ƙafa daidai, su ke bin gefen titi da gudu, in ka ji ƙararsu a bayanka gara ka matsa. Idan ta taru ta kai santimita 10 zuwa 15 sai a yi shelar kwasa gaba ɗaya. Nan ne ake yin ta. Za a kafa alluna ruwan lemo a layinku, an hana ajiye mota daga ƙarfe kaza zuwa kaza, yawanci bakwai na safe zuwa bakwai na yamma ko akasin haka. Kafin a fara sai motar janwe ta zagayo tana jiniya, gargaɗi na ƙarshe ke nan. Wanda bai fito ba a ja motarsa a kai ta wani layin, ya biya tara, ya kuma yi yawon nemanta cikin sanyi. Sannan gireda ta tara ƙanƙarar ta yi kunya guda doguwa, wata babbar na'ura ta biyo tana haɗiyewa tana feso ta cikin tifa da ke tafiya gefenta. Wannan ta cika ta wuce, ta bayanta ta matso, jere suke kamar ba za su ƙare ba.

Tituna da hanyoyin ƙafa na birnin sun kai kilomita 10,000 in an haɗa. Wata ƙanƙarar ana kai ta tsohon ramin fasa dutse na Francon da ke unguwar Saint-Michel, wata a zuba ta cikin manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa ta bi ta matatar ruwan datti, wata a tara ta a fili ta zama tsauni, baƙi ƙirin da datti, har bazara ta shigo bai gama narkewa ba. Da can cikin kogin Saint-Laurent ake juyewa, aka hana saboda gishiri da dattin da take ɗauke da su. Ita kanta na'urar feson a nan aka ƙirƙiro ta, wani mutum Arthur Sicard a 1925.

Alhaji_Lissafi:
@Damagaram_Mtl ka ba da labari mai daɗi amma ka tsallake inda kuɗin yake. Kusan dala miliyan 200 birnin naku ke kashewa a shekara kan wannan aikin. Daga ina suka fito? Harajin gidaje. Kai ɗan haya kana ganin ba ka biya, alhali mai gida ya riga ya cusa shi cikin kuɗin hayarka. Ba gata ba ne, saye kuka yi. Garin da ya ce kowa ya share gabansa, ya zaɓi ya karɓi guminka maimakon kuɗinka. Ni da a ƙara mini haraji gara in yi minti ashirin da shebur.

Zinariya_Nas:
Alhaji, da girmanka, minti ashirin ɗin naka ne kai mai lafiya. Ni a asibiti nake aiki, washegarin ranar da aka yi santsi mun san abin da za mu gani: karayar wuyan hannu, karayar ƙugu a wajen tsofaffi, wanda ya bugu a ƙeya. Tsohuwa in ta karye a ƙugu ba lallai ta koma yadda take ba. Sannan shebur ɗin ma yana kisa. Jiƙaƙƙiyar ƙanƙara nauyi gare ta, ga sanyi yana matse jijiyoyin jini, mutum bai saba motsa jiki ba ya fita da asuba yana ɗagawa yana jifa, sai zuciya ta buga. Maza masu hawan jini da suga, don Allah ku tura ta turawa, kada ku ɗaga, ku riƙa hutawa.

Kuma ni ina bayan Malam Bazazzagi. A layi mai gida talatin, ashirin da tara su share, ɗaya ya yi tafiya ko ba shi da lafiya, to ga mai keken guragu ko uwa mai tura jariri duk layin a toshe yake. Sai ta sauka kan kwalta ta haɗa hanya da motoci. Ba wanda zai yarda a ce titin mota kowane gida ya kankare rabonsa.

Bakano_Bronx:
Mu a New York ma mai gini ne ke da alhakin hanyar gabansa, kuma da agogo ake bin ka. In ta tsaya da rana, tsakanin bakwai na safe da biyar na yamma, awa huɗu gare ka. In cikin dare ta tsaya, tara zuwa bakwai na safe, to kafin sha ɗaya na safe ka gama. Abin da zai ba ku dariya, ma'aikatan shara ne ke kankare titi, motar kwasar sharar ce ake ɗaura wa ƙarfen turawa a gaba. Don haka ranar da aka yi babba shara sai ta jira, buhuna su yi ta taruwa a bakin titi. Suna kuma ɗaukar leburori na wucin gadi a biya su da awa, su share tashoshin bas da mashigar titi da famfunan 'yan kwana-kwana. Yaranmu na nan unguwar da yawa sun taɓa yi.

Ɗan_Fagge:
Ni dai daga Kano nake bin ku, ban taɓa ganin abin nan da idona ba. Tambayar jahilci: me zai hana a bar ta rana ta fito ta narke? Wannan maƙudan kuɗi a kan ƙanƙara!

Kawu_Ilu:
@Ɗan_Fagge wace ranar? Rana za ta fito tarwai kana ganinta, amma ko ɗumi babu. A wasu garuruwan wadda ta zuba a Disamba tana nan sai Maris ko Afrilu, ta gaba ta hau kanta. In aka bari motar asibiti ba za ta shiga layi ba. Ka tuna birnin Buffalo na jihar New York a Disambar 2022, sama da mutum 40 suka rasu a yankin, wasu a cikin motocinsu, wasu a gida saboda masu ceto sun kasa isowa.

Ɗan_Fagge:
Innalillahi. Allah ya jiƙan musulmi. To ai kusan rigimarmu ce ta kwata. Asabar ɗin ƙarshen wata a ce kowa ya fito tsaftar muhalli, ka yashe lambatun gabanka ka tara a bakin titi, in motar kwasa ba ta zo ba ruwa ɗaya ya mayar da shi inda ya fito.

Injiniya_Mamman:
Bari in ɗan gyara wata fahimta, don na ga ana cewa an fifita mai mota. Ba kowane titi ake bi lokaci ɗaya ba. Kusan kowane birni yana da jerin fifiko: manyan hanyoyi, hanyoyin bas, na asibiti da na 'yan kwana-kwana su ne farko, layukan unguwa su ne ƙarshe, wasu garuruwan ma ba sa kankare su har ƙasa, daddanne ta kawai ake yi. Babbar mota ɗaya tana share titi mai tsawo cikin awa guda. Hanyar ƙafa kuwa ƙunci gare ta, ga turakun lantarki, ga bishiyoyi, ga kwandunan shara, ƙaramar na'ura ce kawai ke shiga kuma a hankali. Shi ya sa take da tsada.

Sai maganar gishiri, tunda na ga sababbin zuwa suna zuba shi kamar ba gobe. Gishiri ba zafi yake yi ba, yana sa ruwa ya ƙi daskarewa sai sanyi ya ƙara tsanani. In awo ya sauka ƙasa da digiri 10 a ƙarƙashin sifili ƙarfinsa ya ragu sosai, shi ya sa garuruwa irin su Winnipeg da Edmonton suka fi dogara da yashi, ba don ya narkar ba sai don taya da takalmi su sami abin kamawa. Kuma ya fi aiki in an fesa ruwan gishiri kafin ta zuba, don kada ta manne da kwalta. Kanada tana zuba kimanin tan miliyan 5 a shekara. Ina yake zuwa? Cikin rafuka da tafkuna da ruwan ƙasa. Shi ke cin ƙarƙashin motarku, shi ke cin ƙarfen gadoji. Ka share da shebur tukuna, sannan ka barbaɗa kaɗan.

Hajiya_Berlin:
Injiniya ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu a Berlin haramun ne ka zuba gishiri a hanyar ƙafa, saboda bishiyoyin gefen titi. Yashi ko tsakuwa kawai. Kuma wadda ta zuba da dare, kafin bakwai na safe ka share a ranakun aiki, Lahadi da ranar hutu kafin tara. Wani ya zame a gaban gidanka ya karye, kai za a nema, shi ya sa kusan kowa yake da inshorar irin wannan. A gininmu kamfani aka ɗauka, ƙarshen shekara a raba mana kuɗin cikin lissafin haya. Ka ga maganar Alhaji_Lissafi ta fito, ko ta ina aljihunka ne.

Zinariya_Nas:
Hajiya ba wanda ya ce kyauta ne. Cewa muke tunda dai za a biya, a biya wuri ɗaya a yi wa layin duka lokaci ɗaya.

Malam_Na_Bakin_Masallaci:
'Yan'uwa kada mu manta, gusar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, haka ya tabbata a hadisi. Ko babu tara, musulmi bai kamata ya bar santsi a ƙofarsa maƙwabci ya faɗi ba. In ka gama naka kuma ka san tsohuwar da ke kusa da kai ba za ta iya ba, ƙara mata. Mu nan samarin masallaci sukan raba layuka su yi gayya bayan asuba, kuma wallahi ya gyara mana zama da maƙwabta fiye da wa'azi goma.

Bazazzagi_Sabo:
Allah ya saka da alheri Malam, na karɓa. Kawu na bi shawararka, na share, na kuma duba takardar, a kaina aka ɗora. Amma Malam, sadaka ai da ganin dama ake yin ta, ba da takardar tara a ƙofa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sun karɓi haraji, hanya tasu ce, su share. Sannan ga wani sabon salo yau da safe: na gama buɗe mashigar mota ke nan, motar kankare titi ta wuce ta turo mini wani tudu ta toshe bakin, mai tauri da nauyi ya fi na farkon.

UmmuSadik_Calgary:
Hahaha sannu, an yi maka wankan shiga gari. Dabara: in kana fuskantar titi, ka riƙa zuba taka ta ɓangaren da motar za ta nufa bayan ta wuce ƙofarka, ba ta inda take fitowa ba. In ba haka ba abin da ka tara shi za ta dawo maka da shi.

Sarkin_Yawo_Chicago:
Ku da kuke maganar hanyar ƙafa, ku zo ku ga yaƙin wurin fakin. A Chicago mutum zai yi awa guda yana haƙo motarsa, in zai fita sai ya ajiye kujera ko tsohon teburin guga a wurin, ma'ana nawa ne, na yi masa gumi. Doka ba ta san da wannan ba, amma ɗage kujerar wani ka ajiye motarka ka gani, sai ka wayi gari an yi mata aika-aika. A Boston ma hukuma ta haƙura ta ce an yarda, amma awa 48 kawai bayan an ɗage dokar ta-ɓacin ƙanƙara, kuma ba a kowace unguwa ba.

Kuma kada ku raina ƙanƙara a siyasa. A nan ta taɓa cin kujerar magajin gari. Janairun 1979 aka yi wata babba, tituna suka yi kwanaki a toshe, jiragen ƙasa suka riƙa wuce tashoshin unguwannin baƙaƙen fata ba tsayawa. Wata mai zuwa aka yi zaɓen fid da gwani, magajin garin, Michael Bilandic, ya sha ƙasa a hannun Jane Byrne. Tun daga nan duk magajin garin da ya zo, da an ce za a yi ƙanƙara za ka gan shi a talabijin tsaye gaban tulin gishiri.

Malam_Na_Bakin_Masallaci:
Wannan na kujera kam ban ga hujjarsa ba. Titi na kowa ne.

Sarkin_Yawo_Chicago:
Malam Allah gafarta, ranar da ka haƙa da hannunka ka dawo daga aikin dare ka tarar da wani a ciki, sai mu sake zama.

Anti_Rabi_Toronto:
Mu namu magajin garin, Mel Lastman, sojoji ya kira su kwashe ƙanƙara a Janairun 1999, har yau sauran Kanada ba su daina yi mana dariya ba. Amma ga abin da ya shafi tambayar: Toronto ta daɗe a rabe, wasu unguwannin hukuma ke share hanyar ƙafa, tsakiyar gari kuma an ce hanyoyin sun yi ƙunci, kowa ya yi nasa cikin awa 12. Mutane suka yi ta ƙorafi, don harajin ai ɗaya ne. A 2021 majalisar birni ta amince a sayo ƙananan na'urori a faɗaɗa aikin ko'ina. Don haka @Bazazzagi_Sabo abin ba wahayi ba ne, ana canza shi. Nemi kansilan unguwarku ka rubuta masa.

Alhaji_Lissafi:
Anti Rabi, to da aka faɗaɗa ɗin an huta? Janairun 2022 da aka zuba muku kusan rabin mita a yini ɗaya, kwana nawa mutane suka yi suna tafiya a tsakiyar titi? Mai gida da sheburinsa da ya buɗe gabansa kafin azahar. In ka ce wa mutane aikin hukuma ne sai kowa ya naɗe hannu yana jiran na'ura.

Damagaram_Mtl:
A nan Alhaji yana da 'yar gaskiya. Fabrairun 2025 sama da santimita 70 ta sauko mana cikin kwana huɗu. Ƙananan na'urorin nan suka kasa ratsawa, hanyoyin ƙafa da yawa suka zauna a rufe sai da aka zo kwasa da tifa, aikin ya haura mako, har kwasar shara aka dakatar. Amma Alhaji, a irin wannan ranar kai ma da sheburinka ina za ka zuba ta? Titi a cike, gaban gida a cike. Dole sai mai tifa.

Af, tunda ana haƙo motoci: kafin ka tayar da mota ka fara buɗe bakin salansa. In ƙanƙara ta toshe shi hayaƙin cikin motar yake komawa, gubar da ke cikinsa ba ta da wari, kuma ana rasa rayuka ta haka, musamman yaran da aka zaunar a ciki don su ji ɗumi.

Binta_Uppsala:
Na zo a makare. A Suwidin akwai wani ƙaramin gari, Karlskoga, da suka zauna suka duba su waye ke amfani da hanyar ƙafa da sassafe. Suka ga galibi mata ne masu kai yara makaranta, da tsofaffi, da masu zuwa tashar bas, kuma masu tafiya a ƙafa sun fi masu mota jin rauni a lokacin santsi. Sai suka juya tsarin: in ba ta yi yawa ba, a fara da hanyoyin ƙafa da na keke da gaban makarantun yara, sannan titi. Hujjarsu mai sauƙi ce, mota tana iya ratsa 'yar ƙanƙarar da keken jariri ba zai iya ba. Stockholm ta ɗauki tsarin, sai aka yi wata babba a Nuwamban 2016 gari ya tsaya cak, 'yan adawa suka ce ga sakamakon nan. Masu kare shi suka ce wannan zubar ko da wane tsari sai ta tsayar da gari.

Injiniya_Mamman:
Akwai ma waɗanda suka raba gardama da bututu. A Reykjavik ta Iceland suna bi da ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa ta ƙasan wasu hanyoyin tsakiyar gari. Wani gari Holland a jihar Michigan tun 1988 suke amfani da ruwan ɗumi daga tashar lantarkinsu. A Nagaoka ta Japan kuma ruwan rijiya ake fesowa daga tsakiyar titi. Sai dai duk wannan a 'yan wurare ne, ba wanda zai iya shimfiɗa wa birni guda.

Alhaji_Lissafi:
Yawwa. Kowane tsari aka kawo sai an dawo kan wa zai biya. Ni dai har yanzu ina kan bakana: hukuma ta riƙe manyan hanyoyi da tashoshin bas, ta taimaki tsofaffi da marasa lafiya da suka yi rajista, sauran mu masu ƙarfi kowa ya share gabansa.

Zinariya_Nas:
Alhaji, wanda ya tafi Umara mako biyu fa? Da gidan da ba kowa an sa shi kasuwa? Da mai aikin dare irina da ke dawowa takwas na safe, yara sun riga sun wuce makaranta ta kan santsin? Kafin maƙwabci ya kai ƙara, a turo mai dubawa, a manna takarda, a jira wa'adi ya cika, an yi kwana uku ko huɗu. Tarar da za a ci mai gidan kuma ba ta zuwa aljihun wadda ta karye.